Faddan 150 a toka: yadda muka bi diyyar gonar Kawu a Gadarif

Wutar ta shiga gonar Kawu ne wata Talata a farkon Disamban 2020, tsakanin azahar da la'asar. Ina cikin garin Gadarif da ke gabashin Sudan, a shagon hatsin da nake riƙe wa lissafi, sai wakilin gona ya bugo waya. Iska ba ta bari na ji shi da kyau ba. Abin da na tsinta kawai shi ne, "Ka gaya wa Alhaji ta cinye arewa, yanzu tana kan tsibi." Kafin a kira magariba, faddan 150 na dawa sun tafi (faddan ma'aunin fili ne, ya ɗan ɗara eka).

Ni na riƙe takardun wannan lamari, tun daga ofishin 'yan sanda har ranar da aka sauke buhun ƙarshe na diyya, wata 13 ke nan. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya sauke Alƙur'ani, yana ciniki da Larabci kamar kowa a kasuwa, amma Larabcin takardar banki wani abu ne daban. Ya yarda in rubuta abin da ya faru muddin ban kama sunan kowa ba, domin mutanenmu da yawa a gaɓar kogin Rahad suna noma da kuɗin banki, kuma hannu ɗaya muke sawa a takardar da ba mu karanta ba.

Gonar da bashin da ke kanta

Ƙauyenmu yana wajen Hawata, kudu maso yammacin Gadarif. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su, suka tarar da baƙar ƙasa mai riƙe ruwa, suka zauna. Noman tarakta a wannan yanki ya faro ne tun shekarun 1940 a Gadambaliya, kuma har yau Gadarif ce rumbun dawa da riɗin Sudan. Gonar Kawu faddan 300 ce, ƙarama in aka gwada da na manyan 'yan kasuwa masu dubu ko fiye. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗan ɗara eka. A daminar 2020 ya sa riɗi a 60, dawa a 240.

Kuɗin noman daga banki ya karɓa, ta hanyar cinikin salam. Ga wanda bai sani ba: banki yana sayen hatsinka tun kana shuka, ya ba ka kuɗi a hannu, kai kuma ka kawo buhunan bayan girbi. An ba Kawu kuɗin noman faddan 200 a watan Yuli, a kan zai kawo buhu 220. Ya bar musu caki a matsayin jingina. Wannan cakin shi ne abin da ke hana manomin Gadarif barci, domin sashe na 179 na dokar laifuffuka ta 1991 ya mai da cakin da babu kuɗi a bayansa laifi, kuma kowa ya san kalmar nan ta kotu, "yabƙa li hinis sadad", wato ya zauna a tsare sai ya biya. Dattijai masu furfura sun kwana a kurkuku a kan haka.

A cikin kuɗin da bankin ya yanke kafin ya miƙa wa Kawu akwai na inshora. Shi ya ɗauka kuɗin takarda ne. Da na gaya masa bayan gobarar cewa gonarsa tana da inshora, sai da ya yi istigfari, don a saninsa abin caca ne. Na yi masa bayanin cewa inshorar Sudan ba irin waccan ba ce. A Khartoum aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya a 1979, ƙarƙashin Bankin Faisal, kuma tun 1992 doka ta mai da duk kamfanonin ƙasar kan tsarin takaful: abin da kowa ya zuba gudummawa ce a asusu ɗaya, wanda masifa ta samu a ɗebo a ba shi. Ya ce to, in haka ne gayya ce. Na ce kusan haka. Ashe gayyar tana da sharuɗɗa shafi huɗu.

Abubuwa uku suka haɗu a waccan kakar. Ruwan 2020 ya yi yawa, shekarar da ambaliya ta ci gidaje a faɗin Sudan, don haka ciyawa ta kai kafaɗa, da ta bushe ta zama kamar auduga. Man dizal ya yi wuya, ga gwamnati ta janye tallafi a Oktoba, daidai lokacin da ake share layin wuta, wato filin da ake bi da garmar tarakta a kewaye gona don wuta in ta zo ta rasa abin ci. Kawu ya share kudu da yamma, mai ya ƙare, ya bar arewa sai ya samu. Na uku, leburori. Girbin Gadarif ya dogara da masu tsallakowa daga Habasha, to a Nuwamba yaƙin Tigrai ya ɓarke, iyaka ta rikice, masu shigowa ta Hamdayet 'yan gudun hijira ne da ake kaiwa sansanin Um Rakuba. Dawar da ya kamata a ce tana cikin buhu, rabinta tana tsaye, wadda aka yanka kuma tana tare a tsibi tana jiran injin casa.

Kwana ukun farko

Da asubar Laraba muka isa. Ciyawa da kara suna ci da harshe su wuce, amma tsibin zangarniya cin ciki yake yi, daga waje ka ga baƙi, ka sa sanda ka tona ka tarar da garwashi ja. Kwana uku yana hayaƙi. A gefen kowane tsibi ƙwayar dawa ta fashe ta yi fari fat kamar gugguru, yaran leburori suna tsinta suna ci, wurin duk ƙamshin suya. Kawu ya durƙusa ya ɗebi cikin hannu, ya daɗe yana kallo, ya zuba a aljihu. Bai ce komai ba sai innalillahi.

Mutane kuwa sun riga sun yanke hukunci: makiyaya ne. Akwai burtali da ya bi ta yammacin gonar, kuma kwana biyu kafin nan an ga garke ya sauka. Samarinmu har sun fara neman sanduna. Wani tsohon maharbi da ke gadin gonar shi ya tare su. Ya ce, "Ku dubi inda iska ke fitowa." Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, burtalin kuma yana bayan gonar ne, inda wutar ta je ta mutu. Ya sa mu a gaba muka bi ƙunar muna fuskantar iska. Tana ta tsukewa kamar tsinin mashi, itatuwan ƙaya duk sun nuna hanya, har ta kai mu cikin gonar maƙwabci, wani babban ɗan kasuwa mai faddan dubu. A bakin layinsu muka tarar da sanda an naɗa mata tsumma mai warin dizal, ga ɗanyun rassa da aka yi ta bugun wuta da su an yar. Yaransa ne suka ce bari su ƙona ciyawar gefe kafin injin girbi ya shigo, suka kunna da tsakar rana, iska ta ƙwace musu.

Na ɗauki hoto da bidiyo na kowane abu da wayata, na sa maharbin ya yi bayani ina naɗa. Ba wayo ba ne, tsoro ne, don na san iska da kofaton shanu za su shafe wurin cikin kwana biyu. Leburori biyu na maƙwabcin sun amsa a gaban shehun ƙauyenmu tun kafin maigidansu ya ja musu kunne. Da mun yi jinkirin yini ɗaya, da labarin makiyaya ne zai zauna, kuma Allah kaɗai ya san jinin da zai biyo baya.

Ranar muka buɗe ƙara a ofishin 'yan sanda, abin da ake kira balag. 'Yan difa'ul madani, masu kula da gobara, suka rubuta rahotonsu, ofishin gona na ƙaramar hukuma ya turo kwamiti ya auna da na'ura: faddan 90 na dawa a tsaye, faddan 60 da aka yanka aka tara. Da dare na buɗe akwatin ƙarfen da Kawu ke ajiye takardu, na zaro ta inshora daga ƙarƙashin rasiɗan taki. A shafi na uku aka rubuta cewa dole a sanar da kamfani a rubuce cikin awa 72. Wa'adin zai cika Juma'a, Juma'a da Asabar kuma ofisoshi a rufe suke. Alhamis da sassafe na hau mota zuwa Gadarif, na miƙa wasiƙa, na tsaya sai da aka buga hatimi da kwanan wata a kan kwafina. Ma'aikacin ya ce ai waya ma ta isa. Na ce masa na gode, amma a buga.

Lissafin kamfani

A lissafin Kawu, faddan 150 sau buhu 3, ya yi asarar buhu 450, kuma abin da yake jira ke nan. Mai kimantawa ya zo bayan mako biyu, ya zagaya, ya sha shayi, ya tafi. Da takardarsu ta fito sai muka ga yadda ake feɗe asara.

Da farko suka fitar da faddan 60 ɗin da aka yanka. Takardar ta ce kariyar tana kan amfanin gona "a tsaye", tana ƙarewa da zarar lauje ya taɓa shi. Saura 90. Sannan suka ce an yi inshorar faddan 200 amma an shuka dawa a 240, ba a kuma nuna a taswira waɗanne ne 200 ɗin ba, don haka kowane faddan kashi biyar cikin shida ne ke da kariya. Saura 75. Sai abin da suke kira tahammul, kashi 10 cikin ɗari da mai gona zai ɗauka da kansa. Saura 67 da rabi. Duk wannan ma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da za a biya a kan kowane faddan ba kuɗin dawar da zai bayar ba ne, kuɗin da aka kashe wajen nomansa ne kamar yadda aka rubuta a Yuli. Kuma ba Kawu za a ba, bankin za a ba, domin shi aka rubuta a matsayin mai cin moriya.

Da na gama karanta masa, Kawu ya ce, "Ɗana, to me suka tsare, gonata ko kuɗinsu?"

Na ce, "Kuɗinsu, Kawu."

Ya ce, "Amma ni na biya."

Ban sami amsar da zan ba shi ba. Na sha juya wannan magana, kuma gaskiya ba zan ce kamfanin ya yi ha'inci ba, komai yana rubuce. Har ma mai kimantawar ya yi mana adalci a wuri ɗaya da zai iya kashe batun gaba ɗaya: akwai sharaɗin share layin wuta, arewa kuma ba a share ba, amma ya rubuta cewa wutar ta tsallake titin ƙasa da ya fi kowane layi faɗi. Abin da ban yafe ba shi ne tsarin kansa. Duk wanda ya yi kaka ɗaya a Gadarif ya san haɗarin wuta ya fi girma ne bayan yanka, lokacin da komai ya bushe ana jiran inji. Kariyar tana ƙarewa daidai inda ake buƙatarta. Kuma ba wanda ya zaunar da dattijo ya karanta masa wannan layin a ranar da ya dangwala.

Zaman judiyya

Hanya biyu ce a gabanmu game da maƙwabcin. Dokar mu'amalar farar hula ta 1984 a fili take: duk wanda aikinsa ya cutar da wani, ramuwa ta hau kansa, kuma maigida yana ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Wani lauya ɗan garinmu ya ce in muka je kotu za mu yi nasara. Sai ya ƙara da cewa, "Amma da fam za a yanke, kuma bayan shekara nawa?" Fam shi ne kuɗin Sudan, kuma a lokacin farashi yana canzawa tsakanin safe da yamma. Muka zaɓi judiyya, sulhun gargajiya da dattawan da ake kira ajawid ke jagoranta, amma muka bar ƙarar 'yan sanda a buɗe. Ita ce ta kawo ɗan kasuwan kan tabarma.

Lauyan ya ja kunnena a kan abu guda da ba zan taɓa tunaninsa ba. A ƙarshen kowace judiyya ana rubuta tanazul, wato wanda aka cuta ya yafe duk wani haƙƙi. To idan kamfanin inshora ya biya ka, haƙƙin bin wanda ya yi ɓarnar a kan wannan kason ya koma hannunsa. In ka riga ka yafe, ka yafe abin da ba naka kaɗai ba, kuma suna iya cewa ba za su biya ba. Don haka muka shiga zaman da sharaɗin cewa kason inshora za a ware shi gefe, a rubuta cewa sulhun bai taɓa shi ba.

An zauna a Janairun 2021 a rumfar gidan umda, wato hakimin yankinmu. Aka yi fatiha, jabana, wato gahawa, ta zagaya sau biyu, aka kwashe kusan awa guda ana yabon zaman lafiyar kakanni kafin a taɓa maganar wuta. Ɓangarensu suka buɗe da cewa ƙaddara ce, ba wanda ya yi niyya. Limaminmu ya bari suka gama, sannan ya ce ba wanda ya musa ƙaddara, amma a cikin Mukhtasar, Shehu Khalil ya lissafa mai hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin waɗanda lamuni ke hawa kansu. Niyya ba ta shigo ciki ba. Wannan ya rufe ƙofar farko.

Ƙofa ta biyu ta fi wuya, kuma a nan aka kai la'asar. Sun yarda za su biya, amma da kuɗi, a farashin ranar gobara. Malaminsu ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ce gaskiya ne abin awo ana rama shi da irinsa, mudu da mudu, amma wannan dawa ba a casa ba, ba a auna ba, kuma abin da ba a san awonsa ba ƙimarsa ake biya. A fiƙihu maganarsa tana da gindi. Limaminmu ya sunkuyar da kai, na ji gabana ya faɗi, domin farashin Disamba da za a biya a hankali cikin shekara guda, sunansa babu.

Kawu ne ya ɗaga hannu. Ya yi magana da Hausa, ni ina mayarwa. Ya ce, "Allah gafarta malam, ban zo musun littafi ba. Amma ni banki buhu yake bi na, ba fam ba. Iyalina tuwo suke ci. Shi kuma Alhaji maƙwabcina rumbunsa cike yake da dawa, ba sai ya je kasuwa ba. In ya ba ni takarda, kafin in kai ta gida ta zama rabi. Ya ba ni abin da wutarsa ta ci, ko da bai kai ba." Umda ya ce wannan zaman sulhu ne ba hukunci ba, kuma sulhu yana halatta a kan abin da ɓangarori suka yarda. Ya juya ga ɗan kasuwan ya ce masa buhu ya fi masa sauƙi shi ma, in ya duba. Mutumin ya yi shiru, ya danna carbi, ya ce a lissafa.

Batun awo kuwa gonar da kanta ta warware shi. Faddan 90 da suka tsira an riga an casa su, sun ba da buhu 260, kaɗan ya rage su kai 3 a faddan. Ajawid suka ɗora a kan wannan, suka ce asarar buhu 430 ce. Suka cire 40 na kuɗin yanka da casa da buhu da mota da Kawu bai kashe ba. Suka ware 75 a matsayin kason inshora. A cikin 315 da suka rage suka zabge sulusi saboda layin arewa da ba a share ba. Na so in yi gardama da rahoton mai kimantawa, Kawu ya dafa gwiwata. Daga baya ya ce mini, "Ban share ba, kowa ya gani. In na musa wannan, sauran maganata ma ta zama ƙarya." Saura 210. Ya bar 10 don fuskar dattawa, kamar yadda aka saba. Aka tsaya a 200: buhu 80 cikin mako biyu, 120 a kaka mai zuwa, umda da wani ɗan'uwan ɗan kasuwan suka tsaya lamuni.

Akwai wata gwauruwa a ƙauyenmu, muna ce mata Inna, mai 'yar gona faddan 4 a bakin ta Kawu, wadda ita ma wutar ta ci. Ba banki, ba inshora, ba takarda ko ɗaya. Diyyarta aka fara yankewa, buhu 10 ba ragi, aka kai mata washegari. Makiyaya su ne ba wanda ya tuna da su, alhali ciyawar da za su ci har bazara ta ƙone, ga karan da Kawu ke sayar musu kowace shekara, wanda shi ma bai shiga lissafi ba. Kawu ya aika musu da sukari da ganyen shayi saboda zargin da aka yi musu.

Fam da buhu

A Fabrairu Kawu ya kai wa banki buhu 150, muka nemi a jinkirta 70 har kuɗin inshora ya fito, muka haɗa da rahoton kwamitin gona. An amince, cakin ya zauna a aljihun tebur. Wannan rahoton dai shi muka nuna a Diwanin Zakka don a lissafa abin da ya tsira kaɗai. A cikin watan ne, ranar 21, gwamnati ta karya darajar fam, dala ta tashi daga 55 zuwa kusan 375 a farashin hukuma. Zuwa Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari.

Kuɗin inshorar bai shiga ba sai Yuni. Sau bakwai ina zuwa ofishin, kullum fayil yana Khartoum. Da ya shiga, bankin ya buga shi a farashin kasuwar ranar, ya ce ya yi daidai da buhu 35. A farashin da suka sayi dawar Kawu a Yulin bara, kuɗin nan na buhu 74 ne. Na rubuta musu cewa fam ɗin da suka ba mu shi ne ya dawo musu, ba za a ba mu shi da babban mudu a karɓa da ƙarami ba. Na tuna musu da sharaɗin izalatul gabn da ke cikin yarjejeniyar salam a Sudan, wanda aka sa don kada tazarar farashi ta zama zalunci a kan ɓangare ɗaya. Suka ce su ma kuɗinsu ya narke a hannun kamfani, ba laifinsu ba ne, kuma wannan ma gaskiya ne. Bayan wata biyu aka tsaya a 55. Kawu ya cika 15 daga buhunan judiyya, ya karɓi cakinsa, ya yayyaga shi a ƙofar bankin.

In aka tara, daga buhu 450 da Kawu ya ƙirga, 255 suka dawo: 55 ta hannun inshora, 200 ta hannun dattawa. Hanyar da ke da hatimi da shafi huɗu ita ta kawo mafi ƙanƙanta. Amma ba zan raina ta ba, domin takardar inshorar ce ta sa bankin ya jira, kuma jiran nan shi ya raba Kawu da kurkuku. Bambancin da na gani shi ne ma'auni. Buhu 120 da aka yi alkawari a Janairun 2021 suna nan buhu 120 bayan shekara. Da fam aka rubuta su, da abin da zai zo ba zai cika bayan a-kori-kura ba.

Da damina ta zagayo Kawu ya koma banki, amma wannan karon ya sa na karanta masa takardar da ƙarfi a gaban ma'aikacin, layi layi, mutane na jira a baya suna tsaki. Ya sa aka rubuta duk faddan ɗin da zai shuka, aka haɗa da taswira. Da muka zo kan "a tsaye" ya ce a tsaya. Ya tambaya nawa ne a ƙara kariyar gobara har dawa ta shiga buhu. Sai da ma'aikacin ya buga waya sau biyu kafin ya samo farashi, don ba a saba tambayarsa ba. Kawu ya biya. A Oktoba kuma ya sayar da tumaki biyu ya sayi dizal, ya fara sharar layi daga arewa.

Motar ɗan kasuwan ta iso a Janairun 2022 da buhu 120. Kawu ya sa kujera a bakin rumbu, ana saukewa yana soka wa kowane buhu ƙarfen gwaji yana murza ƙwayar a tafin hannu. Bakwai ya tarar tsohuwar dawa ce da ƙwaro ya fara ci, ya sa aka jingine su gefe, aka kira umda a waya. Bayan mako guda aka kawo bakwai sababbi aka kwashe waɗancan. Washegari muka tafi ofishin 'yan sanda janye ƙara. Jami'in da ya buɗe ta an yi masa canjin wurin aiki, sai da sabon ya kwashe kusan awa biyu yana tonon kabad kafin ya samo fayil ɗin.